Rumbun da Ba a Zuba wa Hatsi

A gidanmu na ƙauye, can wajen Zango, akwai wani tsohon rumbu da ban taɓa ganin an zuba masa ko dami ɗaya ba. Amma duk shekara sai kakarmu, Iya Dije, ta sa an yaɓe shi an sake masa jinka. Mu yara ba mu damu ba, mun ɗauka rigimar tsufa ce.

In an kwashe tuwon dare sai mu kewaye murhunta, tana tura kara a wuta tana soya mana gyaɗa. Ni ne ɗan gaban goshinta, don sunan mijinta na ci, shi ya sa take ce mini Maigida. Ban riske shi da rai ba. Takan tsokane ni ta ce na gado komai nasa, har zafin zuciyar, ɗingishin ne kawai na bar masa.

Tatsuniyoyinta na ban dariya ne, ban da guda ɗaya, ta mai gishiri. Wai wani bafatake ne mai sayar da gishiri ya sauka gidan wani manomi lokacin girbi, jakinsa ya kwance ya yi wa damman gero ɓarna, har aka ji su suna cacar baki. Gari ya waye babu baƙo. Abokan tafiyarsa suka kai ƙara Daura, aka aiko cewa 'yan doka na tafe. Mai gari ya yi abin da ake yi wa manyan baƙi, ya sa shela kowace mace ta share gida ciki da waje, a yayyafa ruwa.

Amaryar manomin ta ɗauki tsintsiya ta zagaya bayan ɗaki. Nan ta ga sawu a rairayi, ƙafa ɗaya na takawa ɗaya na ja, ga kuma alamar an ja abu mai nauyi har zuwa inda aka tona sabuwar ƙasa. Ta tsaya, ta tsaya, sannan ta duƙa ta share. 'Yan doka suka zo suka yaba tsabtar gari, suka sha fura, suka leƙa rijiyoyi, suka tambayi maza. Amarya kuwa ba ta fita gaban baƙi, don haka ba wanda ya neme ta. Kafin mako ya zagayo manomi ya gina rumbu a wurin, kuma da yake lokacin ginin rumbu ne, ba wanda ya ɗaga ido.

"Iya, to ina mai gishirin ya tafi?"

"Ku tambayi tsintsiya," in ji ta. "Maigida, ci gyaɗarka."

Duk sauran takan rufe su da ƙurunƙus, wannan kuwa sai dai ta zuba wa wuta ido.

Bara, Iya ta daɗe da rasuwa, ƙanena ya rushe rumbun zai gina ɗaki. Masu haƙa tushe suka ci karo da ƙasusuwan mutum, ƙoƙon kan a fashe ta ƙeya. Da aka kira ni na baro Daura a gigice. Ina shiga gida na tarar da mata da tsintsiya a hannu, wai an ce 'yan sanda na zuwa, kar su iske gida kaca-kaca. Na daka musu tsawar da ban taɓa yi ba, na ce kowa ta ajiye.

'Yan sandan suka kewaye ramin da igiya, suka ɗauki hotuna, suka kwashe ƙasusuwan za a kai wa likita. Babbansu ya tambaya ko an taɓa jin wani ya ɓata a nan tun zamanin da. Kowa ya sunkuyar da kai. Baffana ya zuba mini ido, na kuwa gane nufinsa: sunan ubansa ne zai zube, sunan gidanmu kaf. Amma ɗingishin nan da Iya ke tsokanata da shi ya riga ya faɗo mini a rai, ga tsintsiyoyi zube a gabana. Na ce ina da labari. Na ba shi tatsuniyar yadda na ji ta.

Ya tambayi sunana, na faɗa. Ya tambayi sunan wanda ya gina rumbun.

"Shi ne dai, ranka ya daɗe," na ce.

Har yau Baffa ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba. Da farko na ji haushin Iya, na ce me ya sa ta ɗora wa yara wannan kaya. Daga baya na tuna mace ce da ko sunan mijinta ba ta iya faɗa, balle ta tona shi, sai ta ajiye shaidarta a kunnen jikoki ko Allah zai sa wani ya gane. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jinkar nan. Mu muna dariya tana yi wa rumbu wofi hidima, ashe kabarin baƙonta take gyarawa.