Sauro Mai Launi

Babana ya tsufa yana sayar da atamfa a kasuwar Treichville, don haka idonsa ba ya kuskuren launi. Ranar da muka ji a rediyo cewa masana suna gyara halittar sauro don ya riƙa haihuwar maza zalla, waɗanda ba sa cizo, abu ɗaya ya riƙe a duk bayanin: wai kafin a sake su ana barbaɗa musu hoda mai launi don a gane su.

"Wace kala?" ya tambaye ni.

"Ba su faɗa ba, Baba. Kuma ba nan Abidjan ba ne fa."

"To sauro biza yake nema? Za su iso."

Dariya na yi, amma na san inda maganar ta dosa. Zazzaɓin cizon sauro, wanda muke kira palu, shi ya ɗauke yayata tun ban zo duniya ba. Sunanta na sa wa ɗiyata, kuma Baba bai taɓa iya kiran sunan ba, sai dai ya ce "mai suna".

Kullum bayan la'asar yakan zo gidana a unguwar 220 Logements da ke Adjamé, ya ɗora yarinyar a cinya, ya shiga zana mata yadda sauron nan masu launi za su zo. Wai za su taso daga bakin ruwa shuɗi-shuɗi, su haye gada a hankali, su sauka Adjamé rufi bayan rufi, kamar an warware turmin atamfa a sama. Wata rana kuma ya ce a'a, ruwan goro ne. Ni kaina sai in tsinci idona a kan taga.

Wani yammaci tana barci a tabarma, sauro ya sauka a damtsenta. Baba ya ɗaga hannu, sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya sunkuya yana dubawa. Na yi tsalle na kai mari. Jini a tafina.

"Haba Baba! Kana kallo yana shan ta?"

"Tsoro na ji, ɗiyata, kar in kashe wanda aka aiko mata."

Bayan kwanaki jikinta ya ɗau zafi. Ko wannan sauron ne, ko wani, Allah masani. Kwana uku muka yi a asibiti, Baba yana zaune gefen gadon da carbi, duk abin da ya gilma sai ya tafe shi ba dubawa. Na ji tausayinsa har na kasa haɗa ido da shi.

Ta warke. Shi kuwa har ya koma ga Allah bai ƙara tambayar kala ba. Ni ce yanzu in na kashe sauro nake buɗe tafina a hankali, in duba.