Bututun da ke Ƙwanƙwasa Kansa

Ana idar da sallar asuba muka bar Damagaram, mu huɗu masu koyon tsara na'urori masu sarrafa kansu, da mushenmu, wato malaminmu, a gaban mota. Wata da watanni muna zana wayoyi a allo muna ba otomat umarni, wato ƙaramar kwamfutar da ke kunna inji ta kashe ba sa hannun mutum. Yau sai fili.

Hanyar Tanut ba ta da tausayi, ramukan kwalta suka narkar da kokon da na sha tun kafin Bakin Birji. Gero kuwa ya yi kai, dama da hagu. A Tanut muka sayi cuku dala ashirin-ashirin, mai taurin da sai ka jiƙa shi a shayi in kana son haƙoranka. Daga nan muka saki kwalta muka shiga rairayi, wajen Gangara.

Abin da ya kai mu, wani ƙauye ne da aka sa wa fanfo mai aiki da hasken rana, mutane suka ƙaurace masa. Sun koma shan ruwan tabki, yara na ta gudawa. Maigari ya ce tsohon da ke tada injin gazuwal, wato dizal, mai jawo ruwan a da, kafin ya kunna sai ya buga bututu da ƙarfe sau uku, don yara su matsa, mutanen ɓoye ma su kauce. Ya rasu bara, aka kawo otomat. Amma har yau kafin ruwa ya taso, bututun na bugawa sau uku.

Na yi dariya a zuci. Da muka isa wurin da rana tsaka, dariyar ta gudu. Ga shato, wato tankin da ke bisa, cike da ruwa, ga kwamin shayar da dabbobi, amma ko sawun akuya babu. Tsuntsu ma bai yi kuka ba. Mutum ɗaya muka tarar, wata tsohuwa zaune a inuwar shato da ƴar tasarta, matar marigayin.

Mushe ya sa muka buɗe kan fanfo don ruwan shato ya ragu, otomat ya tada inji. Muna tsaye shiru, sai ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin ƙarfen, a natse kamar mai sallama a ƙofar gida. Sannan ruwa ya taso. Wallahi tsigar jikina ta tashi, na nemi ayar da zan karanta na rasa. Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi bututun ta ce, "Sannu da aiki, Malam."

Mushe ya ce iska ce ke taruwa a bututu, in inji ya tashi da ƙarfi sai ta yi duka. Ya raba mana aiki. Muka sa abin fitar da iska, ni kuma na gyara umarnin otomat, inji ya riƙa tashi a hankali, ƙararrawa ta yi kuka tukuna.

Bayan la'asar aka tara mata aka gwada. Ƙararrawa ta yi ƙara, ruwa ya zubo, bututu bai ce uffan ba. Aka sake, shiru. Mata suka yi guɗa suka ruga ɗauko jarkoki, mu kuma muna ta hura hanci.

Tsohuwar ce ta kama hannun rigata. "Ɗana, kai ka taɓa shi?"

"Ni ne, Inna. Yanzu yara za su sha ruwa mai kyau."

"To, madalla. Kun sallame shi ke nan." Ta ɗauki tasarta, ko ɗigo ba ta ɗiba ba, ta nufi gida.

Muka kamo hanyar dawowa. Mun wuce Sabon Kafi na tambayi mushe, in iska ce, me ya sa kullum sau uku, ba biyu ba, ba huɗu ba? Sai ya ce wannan ba ya cikin darasi.

Mun shigo Damagaram lafiya, na ci tuwo na kwanta da nauyin zuciya. Tafiyar ta koya mini cewa kafin ka zana waya ɗaya, ka tambayi wanda ke zaune kusa da injin abin da yake ji a cikinsa. Maigari ya aiko cewa gudawar yara ta tsaya, na yi hamdala. Ya ce tsohuwar kuma ba a sake ganinta a inuwar shato ba.