Wuyan Hannun Baba

Mahaifina wanzami ne. Daga Borno ya biyo fatake ya sauka a Mubi tun ba a haife ni ba, ya kafa rumfa a Sabon Layi, kuma har na yi wayo ban san yaro ɗaya a layinmu da ba shi ya yi masa askin suna ba. Mutane askarsa suke yabo. Ni da na tashi ina kallonsa na san sirrin a wuyan hannunsa yake. Kafaɗarsa ba ta motsi, gwiwar hannun ma haka. Wuyan hannun ne kawai ke lanƙwasa, ya bi ƙeya, ya zagaya bayan kunne, ya tsaya cak inda ya ga dama.

A daminar da ta biyo bayan ƙuri'ar nan da aka ce mu zaɓi Najeriya ko Kamaru, aka kira shi suna a unguwar Kolere. Wajen dawowa keke ya zame a taɓo, ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannun dama. Kafin ya iso gida hannun ya kumbura suntum. Maɗori ya lallatsa, ya ce babu karaya, targaɗe ne. Gida ya cika da hamdala. A wurinmu in dai ƙashi bai karye ba, ai ba a ji ciwo ba, wanda ya kwanta don targaɗe kuwa sunansa mai raki. Aka kira wata maƙwabciyarmu uwar tagwaye, don an ce irinsu ke da sa'ar targaɗe. Ta shafa man shanu, ta kama yatsun ta ja iya ƙarfinta har Baba ya yi salati. Kumburin bai gama saɓewa ba ya rataya zabirarsa ya fita aiki.

A lokacin ina gida goyon ciki, cikina na fari. Akwai wani malamin asibiti, Kirista ne daga duwatsun Michika, da ya saba zuwa aski wurin Baba. Wata safiya suna zaure ina bayan zana ina tsince wake, sai na ji ya ce wash. Baba ya yanke shi a bayan kunne, abin da ban taɓa ji ya faru ba. Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce Baba ya miƙo hannun, ya jujjuya shi, har ni daga inda nake na ji wani ɗan ƙas.

“Wanzam, jijiyan nan ya miƙe,” in ji shi. “Wa ya ja maka?”

Baba ya gaya masa. Sai malamin ya shiga bayani da Hausarsa ta mutanen dutse. Ya ce wuyan hannu ba ƙashi ɗaya ba ne, ƙananan ƙasusuwa ne a jere, gajerun jijiyoyi suka ɗaure su da juna. Su ke barin hannu ya lanƙwasa, su ne kuma ke cewa ya isa haka. Nan take na gane su, don duk macen da ta taɓa gyara ƙafar saniya ta san fararen zaren nan masu tauri da ke riƙe gaɓa. Ya ce ƙashi in ya karye yana haɗewa, amma jijiyar da ta saki, aka kuma ƙara ja mata, sai ƙasusuwan su riƙa gocewa ba tare da sallama ba. Maganin shi ne a ɗaure hannun tamau, a bar shi ya huta har kaka.

Baba ya yi dariya. “Har kaka? Kawunan Sabon Layi su zama daji ke nan.”

Ya naɗa tsumma na 'yan kwanaki don kada ya watsa wa abokinsa ƙasa a ido, sannan ya kwance.

Na haihu, namiji. Daga ɗakin jego ina hango inda Baba ke alwala, kuma tun ranar idona bai bar hannunsa ba. Yakan ɗaga buta lafiya lau, sai wajen karkata ta hannun ya saki, ruwa ya kwarare masa a ƙafa. Ba kullum ba. Wannan ne ma abin tsoron, ba a san lokacin da zai yi ba. Ni kuwa sai in dubi kan jaririn, maɗigarsa tana bal-bal.

Ga shi ba ni da bakin magana. Ɗan fari ne, kunya ta hana ko kallonsa in yi a gaban mutane, balle in nuna ina jin tsoro a kansa. Sau ɗaya na gwada, Inna tana ba ni kunun kanwa, na ce, “Inna, hannun Baba fa...” Ta zare mini ido. “Ke, yaushe kika haihu da har kika san ɗa?” Na haɗiye sauran. Kuma gaskiya ni kaina raina biyu ne. Na san ranar da wani wanzami ya shigo gidanmu ya yi wa jikan Baba aski, duk Sabon Layi za su ce nasa ya ƙare.

Ranar suna da hantsi, bayan maza sun shafa fatiha, Goggo, ƙanwar Baba, ta zauna a tabarma a tsakar gida da jaririn a cinya. Na leƙa ta gefen asabari. Baba ya shigo da zabira, a bayansa ga wani wanzami daga unguwar Lamorde, wanda Baba ya sha cewa askinsa kamar noman rago. Na ɗauka cin tuwon suna ya zo.

Baba ya durƙusa, ya wasa askar a fata yadda ya saba, ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi. Ya yi bismilla, ya ɗauke 'yar suma kaɗan daga goshi, tsaf. Sai ya tsaya. Ya juya askar, ya miƙa wa mutumin Lamorde ta wajen ƙota.

“Ƙarasa,” ya ce. “Ni zan riƙe.”

Ya tallafi kan da hannun hagu, ya ajiye na daman a cinyarsa, har aka gama bai ɗago ba.

Ya ɗaure hannun da fata har kaka. Daga baya ya koma aske manya, amma bai sake ɗora aska a kan jariri ba har ya bar duniya.

A ranar dai, da mutane suka ragu, ya zo ƙofar ɗakina ya tsaya daga waje. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka da uwata yake kirana.

“Uwata,” ya ce, “tun da kika haihu kike kallon butata. Na gani.”

Na fashe da kuka. Goggo ta tafa hannu tana kiran mata su zo su ga marar kunya, wai tana kuka don an aske ɗanta. Na bar su suka yi ta dariya. Ban gaya wa kowa ba cewa Baba nake yi wa kuka.