Ƙyallin da Na Sa wa Motar Surukina

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai, amma abin da na yi wa motar surukina lokacin sunan ɗana na fari ba zai gogu ba har in koma ga Allah. Ko yanzu in na tuna sai in rasa inda zan sa idona, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

Ni haifaffen Gummi ne, amma tun ina saurayi na tafi Abuja neman abinci, na faɗa sana'ar wankin mota. Daga wanki na koyi abin da ya fi shi, wato raya fentin da ya mutu ba tare da an sake fesa wani ba. Za a kawo mota rana ta cinye ta, launinta ya dushe, in ka shafa hannu ya fito da gari kamar alli. Sai in zauna mata da man goge fenti da kakin mota, mai ita ya dawo ya tsaya yana tambaya ko tasa ce. Ina son aikin nan, kuma ba zan ɓoye ba, ina ji da kaina a kansa. Har abin ya zame mini ciwo, ba na iya wuce mota mai dusasshen fenti ban ji hannuna yana ƙaiƙayi ba.

Matata 'yar wani gari ce ta wajen Adabka, a ƙasar Bukkuyum. Mahaifinta manomin hatsi ne, dattijo mai tsabta, wanda ba ka taɓa ganin ɗigon datti a rigar da yake zuwa masallaci da ita. Yana da wata a-kori-kura da yake kai gero da dawa kasuwar Gummi da ita, kuma ita ce motar unguwar, in ciwo ya tashi ko naƙuda ta yi gardama ita ake bugawa a tafi asibiti. Tun lokacin aurenmu na ƙyalla ido a kanta. An ce mini shuɗiya ce, amma ni abin da na gani launin toka ne, ga tsohuwar laka ta bushe a gefenta, ga kashin tsuntsaye a rufin. Na yi mamakin yadda mutum mai tsabta haka zai bar motarsa ta zama abin kunya. A raina na yanke cewa tsufa ne, ko kuma rashin sanin yadda ake yi.

To amma wa zai faɗa masa? Tsakanina da shi akwai kunyar surukuta. Ba na kiran sunansa, ba na cin abinci a gabansa, in na zo gaishe shi tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, idona a ƙasa, daga gaisuwa kuma magana ta ƙare. Babu ta yadda zan buɗe baki in ce, Baba, motarka ta yi muni. Sai na ƙudura cewa wata rana hannuna zai yi maganar da bakina ya kasa.

Da cikin matata ya tsufa aka mayar da ita gidan iyayenta kamar yadda aka saba, can ta haihu. Na taho suna da kayan barka, a ƙasan jakata kuma ga gwangwanin man goge, ga na kaki, ga tsummoki masu laushi. Na san halin da yankin yake ciki, ba wai ban sani ba. Tun daga Anka addu'a nake a cikin mota, direba na ta waya yana tambayar ko hanya lafiya. Amma a tunanina 'yan bindiga maganar hanya ce da daji. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin ya shiga har cikin yadda mutum yake sa tufafi da yadda yake ajiye motarsa ba.

Ana gobe suna surukina ya hau bayan babur ya tafi Gummi sayen goro da sauran kayan buƙata. Motar tana wani kango a bayan gidan, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, makullinta a jiki, don ba wanda zai yi sha'awar ɗaukarta. Mata suna cikin gida suna ta daka, maza sun tafi gona. Na ce yau ce ranar.

Na ja ruwa daga rijiya na wanke ta tas, na tsane ta, na bar ta ta huce a inuwa, domin ba a goge fenti mai zafi, man zai bushe ya kama. Daga nan na ɗiba man gogen a tsumma na fara daga murfin inji, ɗan wuri kaɗan, ina murzawa a zagaye ina dannawa. Nan da nan tsumman ya rine ya koma shuɗi, mataccen fentin ke nan yana tashi. Da na share wurin sai ga wani shuɗi mai zurfi ya leƙo, kamar sabon rini. Na yi murmushi ni kaɗai. Haka na bi ta gaba ɗaya, taki-taki, ƙofa, gefe, rufi, ina sauya tsumma in ya cika. Kafaɗata ta yi tsami, yatsuna suka yi kanta, ban damu ba. Da na gama na shafa mata kaki siriri, na jira ya yi fari-fari, na bi da busasshen tsumma na goge. Kafin la'asar ta yi sanyi ina ganin fuskata da ganyen dogon yaro a jikin ƙofar. Har tayoyin sai da na wanke na baƙanta. Na ja wani tsohon tamfol na lulluɓe ta, na koma masaukina a gidan maƙwabta ina jin kaina kamar wanda ya gina masallaci.

Da ma a nan na tsaya, da abin ya zo da sauƙi. Amma washegari, ana idar da sallar asuba, na riga kowa fita, na je na yaye tamfol na tuƙo ta na kawo ƙofar gida, daidai inda aka shimfiɗa tabarmin 'yan suna. Na ajiye ta yadda rana za ta fara sauka a kanta.

Mutane suka taru, na gari da na ƙauyukan kewaye, har da fuskokin da ban sani ba. Kowa ya iso sai ya ja ya tsaya. Surukina ya fito daga zaure da farantin goro a hannu, ya ga motar, shi ma ya tsaya. Ina daga gefe ina satar kallonsa, ina jiran murmushi. Abin da na gani shi ne fuskarsa ta sauya, farantin ya ɗan karkata har goro ya zubo. Na ce a raina, farin ciki ne ya yi masa yawa.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka shafa. Sai wani maroƙi da ya zo neman rabonsa ya miƙe ya buɗe murya, yana cewa jama'a su zo su ga abin arziki, suruki ya taso daga Abuja ya sauke wa Alhaji sabuwar mota, Allah ya ba kowa irin wannan suruki. Ya maimaita ya sake maimaitawa, da muryar da za a ji ta har bakin kasuwa. Ni kuwa na sunkuyar da kai irin na kunya, alhali zuciyata fari fat.

Abin da surukina ya yi ya ɗaure mini kai. Ya ajiye farantin ya nufi motar, yana cewa da ƙarfi, "Tsohuwar ta ce, jama'a. Wanki anka yi mata. Ku zo ku gani." Ya buɗe ƙofa yana nuna yagaggiyar kujera, ya nuna wayar da aka ɗaure marfin baya da ita, ya durƙusa da farar rigarsa yana nuna tsatsar ƙasa. Duk wanda ya ce Allah ya sanya alheri sai ya kama hannunsa ya kai shi ya ga lotsawar da ke gefe. Mutane na dariya suna cewa Alhaji bai son a sani. Ni kuma raina ya ɓaci. Na ce wato duk wahalar da na sha, sakayyar ke nan, a tara jama'a ana nuna musu aibin aikina.

Da hantsi aka aiko wai kakar matata tana kirana. Ita ce mahaifiyar surukina, tsohuwa mai baki, kuma ita kaɗai ce a gidan da wasa ya halatta tsakanina da ita, angona take ce mini. Na shiga ɗakinta ina shirin ta tsokane ni a kan ragon suna. Na tarar ba ta dariya.

"Zamna, angona," ta ce. "Mi ɗana yay yi ma da kaka son a zo a ɗauke shi?"

Na ce ban gane ba.

"Kana ganin bai san inda ruwa da sabulu suke ba? Da gangan yab bar ta hakanan. Garin ga, wanda duk anka gani da sabon abu, kahin rana ta hwaɗi labari ya kai daji. Yau ga shi ka sa an yi shela, ga sabuwar mota, ga suruki Abuja wanda za shi biya kuɗin hwansa."

Ta ci gaba da faɗa mini sauran a hankali. Ashe tun da abin ya tsananta ya daina wanke motar. Shi da kansa ya cire abubuwan tayoyin masu ƙyalli ya jefa a rumbu. In zai kai hatsi kasuwa, tsohuwar riga yake sawa, ya zauna kamar direban haya. Duk abin da na gani na kira sakaci, dabara ce da dattijo ya yi shekaru yana ginawa don a raina shi a ƙyale shi da iyalinsa. Ni kuma na zo na goge ta a wuni ɗaya, da tsumma.

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, ga tsoro a kanta. Matata da jaririna a gidan suke kwana.

Da jama'a suka ragu na zagaya kangon, don an mayar da motar can. Na tarar da surukina shi kaɗai, ya naɗe hannun riga, ya dama laka a bokiti yana watsa mata. Amma kakin da na shafa yana aikinsa. Ruwan sai ya dunƙule ya gangare, lakar ta zame ta faɗi ƙasa, shuɗin ya sake fitowa yana ƙyalli. Ya sake watsawa, ta sake zamewa. Wannan shi ne abin da nake nuna wa masu mota a Abuja ina taƙama, yau ga shi ina kallonsa kamar in nutse.

Na cire takalmi na durƙusa. A karo na farko tun da na auri 'yarsa na yi masa magana da ta wuce gaisuwa. Na ce, "Baba, ba za ta kama ba. Sai an cire kakin. A ba ni toka da garin sabulu."

Ya shiga gida ya kawo da kansa. Na sami guntun buhu na dama toka da sabulu na hau dirzar motar, ina kashe abin da na raya jiya. Kowane ja ina jin ƙarar tokar tana cin fentin, ina ji har cikin haƙorana. Yana tsaye yana zuba mini ruwa, ba ya kallona, ba na kallonsa. Da muka gama ta yi dishi-dishi, duk zane, ta fi yadda na same ta muni. Muka watsa laka, wannan karon ta zauna.

Sai da na tattara tsummokina sannan ya yi magana, a hankali, yana duban motar. "Hannunka na da kyau, ɗana. Wallahi na mance haka launinta yake." Ya nuna gwangwanayen. "Bar su nan. Randa Allah yak kawo muna zaman lahiya, kai za ka maido ta."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya loda mata takin shanu ya bi ta tsakiyar gari da ita a hankali, don kowa ya gani. Duk da haka maganar ta riga ta fita. Aka ba shi shawara, ya kwashe matata da jaririn ya kai su gidanmu a Gummi tun ba a gama wankan jego ba, shi ma ya daɗe yana kwana a can wurin 'yan'uwa, da rana ya hau babur ya leƙa gona. Dattijon da bai saba kwana a wajen ɗakinsa ba, ni na mayar da shi baƙo a gidan mutane a tsakiyar damina. Allah ya tsare, ba abin da ya faru, kuma har yau bai taɓa tayar da maganar ba.

Yaron yanzu yana makaranta. Motar tana nan da launin tokarta, gwangwanayen kuma suna kan katangar ɗakin surukata, man ciki ya daɗe da bushewa, amma surukina ya hana a zubar.

Abin da na koya shi ne, in ka ga mai hankali ya bar abinsa a lalace, kada ka yi gaggawar cewa bai iya ba ne, wataƙila ya san abin da ba ka sani ba. Kuma alheri ma sai an tambaya. In kunya ta hana ka tambayar mutum da bakinka, ka nemi wanda zai tambayar maka. Yanzu ko a wurin aiki, kafin in ɗora tsumma a kan motar kowa sai na tambaye shi inda zai koma da ita.