Mai Tsugunawa a Gindin Taya

Malam yana kan bencin mai faci, yana jiran a liƙe masa taya, idonsa na kan wani dattijo tsaransa, mai furfura fes da doguwar riga da aka naɗe hannuwanta. Mutumin ya sauya ƙafafun motarsa huɗu da wasu da ya daɗe da ajiyewa, sai motar ta ƙi gane na'urorin auna iskar da ke cikinsu, fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa.

"Alhaji, ku kawo in yi, kada ku ɓata riga," in ji mai faci.

"Bar ni, ɗana, ai motar ta fi jin maganata."

Yana tsugunawa gindin tayar gaba, yana sassauta iska har motar ta yi ƙara alamar ta gane ta, sannan ya miƙe tsaf bai dafa komai ba. Sau huɗu yana yin haka. Malam, wanda shekara uku ke nan a kan kujera yake salla, yana ƙirga kowace miƙewa. Wataƙila dattijon manomi ne, ko tsohon direba. Malam ya sha karantar da bambancin hassada da burin samun irin ni'imar wani, amma yau ya kasa tantance wanne ke ƙirjinsa. Da ƙyar "Masha Allahu" ta fito.

Fitilar ta mutu, aka kira la'asar. Dattijon ya shimfiɗa darduma, ya ce, "Malam, ku shige gaba."

"A'a," in ji Malam. "Kai ne mai gwiwa."