An Binne 'Yata Da Sunan Wata

Ku ajiye abin da ke hannunku ku ba ni kunne, jama'a. Ni tsohuwa ce, ban san biro ba, da baki na faɗa aka rubuta mini.

A lokacin ina sayar da gyaɗa da yaji a unguwar Khumra, can ƙasa mai tsarki. Maigidana ya rasu, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, ta mutu tare da shi. 'Yata guda ce, da goyo a bayanta, sai ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Asibitin hukuma kyauta ne, amma ga 'yan ƙasa. Irinmu sai na kuɗi, kuma akwai shi a bakin titinmu. Ina da awarwaron zinariya huɗu da uwata ta bar mini, ɗaya ya isa kuɗin asibitin. Na buɗe akwati na dube su, na mayar na rufe.

Sai na je wurin maƙwabciyarmu 'yar ƙasa, jikar Hausawa, sa'ar 'yata. Na roƙe ta aron katin asibitinta, ta ce tana tsoro. Na yi ta lallashinta ina ce mata 'yata har ta miƙo katin, ta ce halas, shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Ba a fara duba zanen yatsa ba tukuna, niƙabi kuma ya rufe fuska. A hanya na ja wa 'yata kunne: duk abin da likita ya karanto a takardun, ta ce haka ne.

Likita ya ce a rubuce yake an taɓa yi mata wata allura lafiya lau, ya tambaye ta ko haka ne. Ni na sani, ita ma ta sani, tun tana ƙarama allurar nan ke kumbura ta. Ta juyo ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta ce haka ne.

Aka yi mata allurar, kafin la'asar numfashinta ya tsaya. Da sunan maƙwabciya suka yi ta kiranta, da shi aka rubuta takardar mutuwa, da shi aka binne ta.

'Yan'uwana mata, kar ku kai mara lafiya gaban likita da sunan aro. Ku sayar da abin da za ku sayar.

Maƙwabciyar nan ta shekara uku tana yawon ofisoshi kafin a yarda tana da rai. Haihuwa ta same ta a tsakani, sai asibitin kuɗi, awarwarona huɗu duk can suka tafi. Ta tashi daga unguwar ba sallama. Jikata ta girma a hannuna, ta yi aure. Ni ga ni, kallon nan da 'yata ta yi mini bai bar idona ba. Ita kuwa 'yata, a takarda har yau ba ta mutu ba.