Sabis Ba Ya Hawa Bene

Shekara ashirin da biyu Anti Tela tana ɗinki a ƙasan benen gidansu, ba ta taɓa kai keke wurin mai gyara ba. Zare ya cukurkuɗe ko bel ya saki, da hannunta take gyarawa. Waifai na intanet ne ya gagare ta, don ita abin da ba a buɗe cikinsa a gani, ba ta yarda da shi ba.

Ƙaninta ne ya kafa shi kafin aiki ya kai shi wani gari. Akwatin waifai uku: ɗaya a shago, ɗaya a falo, ɗaya a sama kusa da ɗakin Baba. Duk ya ba su suna ɗaya, wai don kada Yaya ta sha wahala. Sannu da taimako!

Baba yana da ciwon suga. Mako biyu ke nan wani miki a ƙafarsa ya ƙi warkewa, saukowa kuwa ta fi ƙarfinsa. Likitansa ya yarda ya duba ƙafar ta kiran bidiyo da ƙarfe goma na safe. A shago hoto tar, amma tana hawa bene fuskar likita ta daskare. Sau biyu haka.

"Mutane na jirana," in ji likita. "Sha ɗaya zan sake kira, daga shi sai jibi."

Jibi ai da nisa, ƙafar tun jiya ta fara wari. Ta kira ƙaninta.

"Yaya, wayarki ce take maƙale wa akwatin shago. Ko kin hau sama ba ta sakinsa."

"To ta ina zan san wanne ta kama, tunda ka mai da su 'yan uku masu suna ɗaya?"

Ya fara kame-kame. Ta kashe.

Sai ta bi hanyar da ta sani. In keke ya rikice, ɗaya bayan ɗaya ake cire abu har a gano mai laifi. Ta zare wutar akwatin shago, ta zare ta falo, ta hau sama tana haki. A bakin gadon Baba ta kashe waifai a wayarta ta kunna. Alamar sabis ta cika taf.

"Ke da wayar nan, ban san wa ya fi taurin kai ba," in ji Baba yana dariya.

Sha ɗaya da minti huɗu likita ya kira. Ta warware bandejin. Ya ce ta matso da wayar, ta ƙara matsowa. Ya yi shiru, har ta ɗauka daskarewa ya sake yi. Sai ta ga yana ƙifta ido.

"Tun yaushe yatsan nan ya yi baƙi? Nemo masu ɗaukarsa ku taho asibiti yanzu. Ban yi miki alkawarin ƙafar ba."

Wannan karon sabis bai yanke ko kalma ɗaya ba. Baba ma ya ji.